Ku Tambayi Anti: Wata Bai Kai Rabi Ba, Aljihu Ya Bushe

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan fili. Wannan karon da na zauna karanta saƙonninku sai na ga kusan rabi magana ɗaya suke yi, wato babu. Wani ya zo da ita ta hanyar bashi, wata ta hanyar ƙawaye, wani kuma har ya fara hangen hanyar da zai yi kuɗi cikin wata ɗaya. Na zaɓi huɗu, kamar kullum na cire sunaye, na kuma rage tsawon wasu dan wani saƙon kam in na saka shi duka shafin ba zai ishe mu ba.

TAMBAYA TA FARKO

Anti barka da aiki. Shekarata 26, ina aiki shekara biyu kenan, albashin ba wani mai yawa ba ne amma dai yana shigowa. Matsalar ranar da alat ya shigo ranar yake fara tafiya, ga haya ga kuɗin mota ga data ga ɗan abin da nake tura wa gida, kafin goma ga wata wallahi ba ni da ko sisi. Wata huɗu da suka wuce na kwanta rashin lafiya, sai na ci bashi a irin manhajar nan ta waya, sati biyu za ka biya da ƙarin kashi 20. Da lokaci ya yi ba ni da shi sai na ci a wata na biya ta farkon, yanzu haka guda uku nake juyawa. Ba na iya barci, a wurin aiki sai in ta yin kuskuren da ban saba yi ba har oga ya fara magana. Babu wanda ya sani, ko babban abokina. Anti ko dai sakarci ne da ni, ko haka Allah ya yi ni ban iya riƙe kuɗi ba?

AMSA

Ƙanena, sannu da jiki tukuna, Allah ya ƙara lafiya. Ajiye maganar sakarcin nan gefe, zan dawo kanta, ɗauko biro mu yi lissafi dan na tabbata tunda ka shiga wannan abu ba ka taɓa zama ka yi shi ba, kuma ba na ganin laifinka, mai bashi lissafi yake gudu kamar yadda mai ciwon haƙori yake gudun taɓa wurin da harshe.

Kashi 20 a sati biyu, a kunne kamar ba komai. Amma sati biyu sau 26 yake zagayowa a shekara, kaga kenan kashi 520 ake magana a shekara. Kuma wannan ma in ruwan kawai kake biya uwar kuɗin tana zaune ne. Kai abin da kake yi ya fi haka muni, tunda sabon bashi kake ci ka biya uwa da ruwa gaba ɗaya, wato ruwan ma yana haifar nasa ruwan. A ce 100 ka karɓa, bayan sati biyu 120, sai 144, sai kusan 173, a juyi na huɗu ya wuce 207. Sati takwas ya ninka. Kai kuma wata huɗu ka ce, to ka ninka shi sau biyu, duk 100 ɗin da ka ci ranar da kake kwance yanzu ta haura 400 in dai a cikin watannin nan ba ka rage komai daga aljihunka ba. Babu wani albashi da yake gudu irin wannan, ko na wa ne.

To yanzu maganar kuskure a wurin aiki da rashin barci. A 2013 wasu masu bincike huɗu, cikinsu akwai Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, sun fitar da wani aiki a mujallar Science wanda ni tunda na karanta shi na daina yi wa mai babu kallon da nake masa a da. Sun je jihar Tamil Nadu a Indiya suka sami manoman rake 464, mutanen da sau ɗaya suke samun kuɗi a shekara, lokacin girbi. Suka yi musu gwajin kaifin ƙwaƙwalwa kafin girbi, lokacin da yawancinsu suka jinginar da kayansu, sannan suka sake yi musu bayan kuɗi ya shigo. Mutum ɗaya ne fa, kai ɗaya, amma sakamakon bayan girbi ya fi na kafin girbi kyau a fili. Sun kuma yi irin haka a wani babban kanti a New Jersey ta Amurka, za a ce wa mutum ka ɗauka motarka ta lalace ga kuɗin gyara, sannan a ba shi gwajin. In kuɗin gyaran kaɗan ne, mai hali da marar hali duk ɗaya suke ci. In aka ce gyaran mai tsada ne sai marar halin ya faɗo ƙasa, alhali ko motar ma ta baka ce, babu wanda ya karɓi komai a hannunsa. Masu binciken sun kwatanta girman faɗuwar da ta mutumin da ya kwana bai runtsa ba.

Kaga abin da yake damunka a ofis kenan. Rabin kanka yana can yana ƙirga kwana nawa ya rage wa manhaja ta biyu, da ragowar rabin kake aiki. Na san wannan yanayin dan na taɓa aiki a wani wuri da aka riƙe mana albashi wata uku, a lokacin nan sai in karanta layi ɗaya sau biyar ban gane ba, in taka da ƙafa in dawo gida ina ce wa mutane wai motsa jiki nake. Har yau in na tuna dariya nake, amma a lokacin kam babu abin dariya.

Abin da nake so ka yi, yau ba gobe ba, ka rubuta bashin nan uku a takarda, kowanne nawa ne, yaushe ne ranarsa, nawa yake ƙaruwa in an makara. Za ka ji gabanka ya faɗi, bar shi ya faɗi, adadin da ka gani da idonka ya fi wanda yake maka yawo a kai da tsakar dare sauƙi. Daga nan kuma ka rufe ƙofar na huɗu, ko me za a yi kar ka sake cin wani dan ka biya wani. Ka rubuta wa kowannensu, a rubuce nake nufi yadda za ka ajiye shaida, ka ce ga abin da zan iya biya duk ƙarshen wata, ku tsayar da ƙarin. Wasu za su ƙi, wasu za su yi ta kumfar baki sannan su yarda, saboda su ma sun san rabin kuɗi a hannu ya fi cikakke a bakin wanda ya kashe waya. Duk rarar da ka samu ka zuba ta kan wanda ruwansa ya fi gudu.

Sai babban abin, wanda na san shi ne ba za ka so ji ba. Ka faɗa wa mutum. Masu irin wannan bashin ba su da wani makami da ya wuce kunyarka, shi ya sa da yawansu suke neman izinin shiga lambobin da ke cikin wayarka tun ranar farko, dan ranar da ka makara su yi maka barazanar tura wa kowa saƙo. Abin ya yi yawa har a 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobin mutane da hotunansu, kuma tun kafin nan ƙa'idarsu ta hana bashin da ake neman a biya shi duka cikin kwana 60 ko ƙasa da haka, ka ga naka na sati biyu ma ka san irin waɗanda kake hulɗa da su. Shiga saitin wayarka ka cire musu duk izinin da ka ba su, in sun yi maka barazana ka ɗauki hoton saƙon ka kai wa hukumar kare haƙƙin masu sayayya ko wadda take sa ido kan masu ba da bashi. Amma in ka riga su, ka zaunar da abokin nan naka da wani babba a gida ka ce ga halin da nake ciki, to me ya rage da za su tona? Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kuma mai yiwuwa cikin mutanen nan akwai wanda zai iya ranta maka ba ruwa ka kashe mafi zafin a ciki, wanda inda ka faɗa masa tun ranar da kake kwance da 100 ɗin nan kawai za ka nema a wurinsa, ba 400 ba.

Abin da kake tura wa gida ma ka yi musu bayani ka rage na wata uku ko huɗu. Sun fi son ka rage da saninsu a kan wata rana su ji an kore ka daga aiki.

TAMBAYA TA BIYU

Anti ni mace ce, shekarata 24, na gama digiri shekara biyu kenan ban samu aiki ba, na tura takardu har na gaji, intabiyu biyu kawai aka taɓa kirana. Ƙawayena da muka gama tare wasu sun samu, kullum a guruf ana shirya fita ko a ce a haɗa kuɗi a yi wa wata kyauta, ni kuma kullum sai in ƙirƙiro ƙarya, yau ba ni da lafiya gobe mun yi baƙi. Yanzu sun fara daina sakani a lissafi kuma abin yana min ciwo duk da ni na jawo. In na ga sitatus ɗinsu sai in ji kamar ni kaɗai aka bari a baya. Ko kuɗin data sai na roƙa a gida, da girmana. Ya zan yi?

AMSA

Ƙanwata, bari in fara da "ni kaɗai" ɗin nan. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a 2023 kusan ɗaya cikin biyar na matasan duniya 'yan shekara 15 zuwa 24 ba sa aiki, ba sa makaranta, ba sa koyon wata sana'a, kuma biyu cikin uku na waɗannan mata ne. Na san adadi ba ya saya wa mutum data, na kawo shi ne dan ki san layin da kike ciki dogo ne, kawai dai mutanen cikinsa ba sa ɗora hoto. Wa kika taɓa gani ya saka sitatus yana zaune a ɗaki yana jiran kiran da bai zo ba? Ke ma ai ba kya sakawa. Abin da kike gani a wayarki an tace shi, ranar albashi ce da ranar sabon kaya, ba a nuna miki ranar ashirin ga wata, kuma kin dai karanta wasiƙar da ke sama, mai aiki ne ya rubuto ta.

Amma zan ɗan ja miki kunne. Ki tsaya a wurin ƙawayen nan ki kalli abin. Sun kira ki sau ɗaya kin ce ciwo, sau biyu kin ce baƙi, sau biyar sau shida, me za su ɗauka? Ba za su ce ba ta da kuɗi ba tunda ba ki taɓa faɗa ba, cewa za su yi ta daina yi da mu, ko tana jin kanta. Kina ɓoye babu, su kuma wulaƙanci suke karantawa. Ƙaryar da kike yi dan ki tsira da mutunci ita take cinye miki ƙawancen, kuma ƙarya aiki ce, sai kin riƙa tuna wacce kika yi wa wa.

Ba sai kin yi jawabi a guruf ba. Zaɓi ɗaya, wadda kika fi yarda da ita, ki ce mata wance kin san har yanzu ban samu aiki ba, duk abin da za a kashe kuɗi ba zan iya ba a yanzu, amma ina son ganinku, ku zo mu zauna ko mu fita inda ba a biya. Shi kenan, ko minti ɗaya ba zai ɗauka ba. Za ki sha mamakin wadda za ta ce wallahi ni ma daurewa kawai nake. Wata kuma za ta ja baya, eh akwai irinsu, ki bar ta ta tafi, dama can da aljihunki take ƙawance ba ta dai samu damar nunawa ba.

Kuma akwai wata asarar da ba ki lissafa ba. Aiki da yawa ba a tallata shi, a baki yake yawo, wani ya ce ana neman mutum a wurinmu kin san wata? Ƙawayen nan da suka samu su ne kunnuwanki a wuraren da ba ki da shiga, to ta yaya za su ambaci sunanki bayan kin nuna musu lafiya lau kike, ko ma ba kya son hulɗa? Ki faɗa musu ƙarara irin aikin da kike nema, ki tura musu takardunki su ajiye a waya.

Takardu da yawa intabiyu biyu kuma, wannan yana nuna min a takardar matsalar take tsayawa. Ki ba wani da yake ɗaukar ma'aikata ko ya taɓa zama a kwamitin ɗauka ya duba miki ita ba sani ba sabo, sannan ki daina tura guda ɗaya ko'ina, kowane wuri ki gyara ta ta dace da abin da suka ce suna nema. Shekara biyun nan ma za a tambaye ki me kika yi a ciki, dan haka ko koyar da yara ne, ko taimaka wa wani da lissafin kasuwancinsa, ko wani kwas na kyauta a intanet, ki samu abin da za ki nuna. Zancen roƙon data a gida, ki nemi a yanka miki wani abu sananne duk wata komai ƙanƙantarsa, ke kuma ki ɗauke musu wani aiki sananne. Roƙon kullum shi ne yake ƙona rai, na mai roƙo da na mai bayarwa.

TAMBAYA TA UKU

Anti wani abokina ya shigar da ni wani guruf, kana zuba kuɗi bayan kwana 30 a ba ka ninki, in ka kawo mutum biyu kuma akwai kamasho. Na ga alat ɗinsa da idona, an biya shi sau biyu. Ina tunanin in sayar da kwamfutata in shiga. Dama ina ɗan buga bet ban taɓa cin wani abin kirki ba, na ga wannan ya fi tabbas.

AMSA

Kar ka sayar. Na faɗa da wuri ne ko da ba za ka karanta sauran ba.

Alat ɗin abokinka gaskiya ne, an biya shi, kuma da kuɗin irinka aka biya shi, kai ma in ka shiga da wuri wataƙila a biya ka da kuɗin wanda za ka jawo, ƙaninka ko abokin karatunka. Abin nan ya fi shekara ɗari ana yinsa. A 1920 a birnin Boston wani mai suna Charles Ponzi ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 50 cikin kwana 45, ya ce wai cinikin wasu takardun gidan waya na ƙasa da ƙasa yake yi, mutane suka yi ta layi, na farko-farko aka biya su tsaf suka koma suka kira 'yan uwansu, kafin shekarar ta ƙare abin ya rushe shi kuma ya tafi gidan yari. Har yau da sunansa ake kiran irin wannan damfara. Bernard Madoff ya yi wa manyan attajirai da bankuna irinta shekara da shekaru, sai a 2008 asiri ya tonu, aka yanke masa shekara 150. Naku guruf ɗin ma ya fi Ponzi ƙarfin hali, ninki a kwana 30.

Yi wannan lissafin da kanka. Kowa ya kawo biyu, biyun su kawo huɗu, huɗu takwas, a hawa na 33 kaɗai ana buƙatar mutum sama da biliyan 8, wato duk mutanen duniya har da jarirai. Dole ya tsaya, kuma duk ranar da ya tsaya waɗanda suke ƙasa sun fi kowa yawa, su ne masu asara. Tambayi abokin naka abu ɗaya, me ake saya me ake sayarwa da yake kawo wannan riba? In ya fara kame-kame da sunayen da shi kansa bai gane ba ka samu amsarka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Bet ɗin ma tunda ka ambata. Wasan da ko wannan ko wancan, rabi da rabi, adalci shi ne a ba ka ninki biyu cif, su kuma sai su ba ka kamar 1.90, ɗan gibin nan shi ne abincinsu. Ka haɗa irin wannan wasa goma a tikiti ɗaya, za su nuna maka kuɗinka zai ninka sau 613, ido ya rufe, ba za su gaya maka damar cin sau ɗaya ce cikin 1,024 ba. Rashin cin da kake yi ba rashin sa'a ba ne, haka aka gina abin. Kwamfutar nan ita kaɗai ce a cikin labarinka za ta iya kawo maka kuɗi sama da sau ɗaya.

TAMBAYA TA HUƊU

Anti na ga ana ta yaɗa wani tsari wai kashi 50 na buƙata, 30 na sha'awa, 20 na ajiya. Ni buƙatar kaɗai ta cinye kashi 95. Ni ce ban iya ba?

AMSA

A'a ƙanwata. Tsarin nan Elizabeth Warren, wadda yanzu sanata ce a Amurka, ita da 'yarta suka yaɗa shi a wani littafi a 2005, kuma da iyalai masu matsakaicin samu na can suke magana. Wanda yake hannu baka hannu ƙwarya in ya ɗora wa kansa wannan ma'auni baƙin ciki kawai zai ƙara. In kashi 95 na tafiya a buƙata ta gaskiya, to matsalarki ta shigowa ce, duk iya matse hannunki ba zai haifar da kashi 20 ba, ƙarfinki ya fi amfani wurin neman abin da zai ƙaru ko rage babban abu guda ɗaya kamar haya ko nisan wurin aiki.

Amma kafin ki rantse a kan 95 ɗin, ki yi wata ɗaya kina rubuta duk abin da ya fita, har cajin banki da ɗan abin da ake cira ta waya ba ki lura ba. Sannan daga biyar ɗin da ta rage ki ware ko biyu ce ranar da kuɗi ya shigo, ki sa inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi, asusun da ba shi da kati misali. Ba za ta sa ki yi arziki ba, aikinta kawai ranar da ciwo ya zo ko waya ta lalace ki samu abin da za ki taɓa. Ki rubuto min bayan wata ɗayan da abin da takardar ta nuna, sai mu duba tare mu ga inda za a yanka.